Garin da ke Cikin Fayil ɗin Baba

Salamu alaikum masu bibiyata. Kwana tara ban rubuta komai ba, kuma na ga saƙonninku duka, har da ke da kika tambaya ko Modu ne ya yaudare ni shi ya sa na yi tsit. Bai yaudare ni ba. Ko kuma in faɗi gaskiya, ban sani ba tukuna. Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Suwaiba, shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Jimeta, gidanmu yana Bekaji. Akwai wanda nake so, Modu, Babana kuma ya ce muddin yana numfashi ba zai ba shi ni ba. Wata biyu na yi ina neman dalili. Yanzu na samu, kuma da na san abin da zan tarar da ban tona ba.

Sai kun san Baba za ku gane sauran. Alhaji Mustafa Ɗanburam, darakta a ɗaya daga cikin ma'aikatun jiha, shekara talatin da uku yana aikin gwamnati. Shekarar da aka ƙirƙiro jihar nan aka ɗauke shi, yana ƙaramin jami'i mai zuwa ofis a kan keken hawa da leda ɗaure a ƙafar wando. An kai shi Ganye, an kai shi Numan, an kai shi Mubi, an dawo da shi sakatariya, bai taɓa cewa ba ya zuwa ba. Ranar Litinin farar shadda, Talata ruwan toka, haka har Juma'a, kuma Dada, wato mahaifiyata, ita kaɗai ya yarda ta goge masa su. Mutum ne da ko bikin ƙawa zan je sai na rubuta a takarda na ajiye masa kusa da kofin shayi. Da safe in tarar ya yi rubutu a gefe da biro: an amince, a dawo kafin magariba, ya sa hannu ya sa kwanan wata. Muna yara mukan yi dariyar wannan. Ni dai ban taɓa jin an ce ya ci kwabon wani ba, kuma ina alfahari da hakan har cikin raina.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya zama babban sakatare kafin ya yi ritaya. Sau uku ana tsallake shi. Yadda ake rabon kujerun nan, kowace ƙaramar hukuma da nata gurbin, kuma wanda ke kan gurbin tamu sai bana ya sauka. Baba ne mafi daɗewa a cikin 'yan ƙaramar hukumar, shekara biyu kacal suka rage masa. Na ce tamu ne don haka na tashi ina rubutawa a kowane fom, wata ƙaramar hukuma can arewacin jihar, bakin iyaka da Borno. Ban taɓa taka ta ba. Da ina ƙarama Baba yakan ce hanya ba kyau, da na girma kuma rikici ya zo, babu mai tambayar me ya sa ba a zuwa gida.

Modu kuwa a kasuwar Jimeta na same shi, layin masu yadi, yana da ɗan shago na turaren wuta da humra. Dogo ne siriri, baƙi, kullum cikin yadi mai sauƙin kuɗi amma a goge, da hula zanna da ta ɗan sha wanki. Ranar farko ya tsaya yana kallona har na tsargu na gyara mayafi, sannan ya tambaya ko ni 'yar Alhaji Mustafa ce na Bekaji. Na ce a raina ga wani ya fara irin na samarin kasuwa. Ya ce mahaifiyarsa ce ke haɗa turaren da hannunta, ya ƙara mini kwalba ɗaya kyauta. Daga nan ni da ba na kunna turare sai Juma'a na koma kullum ina da abin saye a layin masu yadi. Kada ku yi mini dariya, kun san yadda abin yake.

Tun ranar da na fara kunna turaren a falo ya kamata in gane akwai wani abu. Baba ya dawo daga ofis, jaka a hannu, ya tura ƙofa ya tsaya cak. Bai cire takalmi ba, bai amsa sannu da zuwan da na yi masa ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tambayi wa ya sayo wannan, na ce ni ce. Ya ce in fita da kaskon waje, yana sa shi ciwon kai. Ranar bai ci tuwo ba.

Bayan wata bakwai Modu ya ce zai zo ya gaida Baba. Na rubuta a takarda kamar kullum, aka amince, Asabar bayan la'asar. Ya zo cikin sabuwar shadda ruwan ƙasa da ya ɗinka saboda ranar, karinta ko karyewa bai yi ba. Ni ina bayan labulen ɗakin cin abinci da tiren zoɓo, ina ji. Baba tambaya uku yake yi wa kowa, kamar mai ɗaukar ma'aikaci: sunanka, sunan mahaifinka, garinku. Modu ya faɗi na farko, ya faɗi na biyu, ya ce Allah ya yi masa rasuwa a rikici. A na uku ya ce Zarmari, ƙasar Borno, amma yanzu suna Malkohi, inda aka sauke 'yan gudun hijira, shi da mahaifiyarsa Kellumi. Sai Baba ya ce ya gode da ziyara, Allah ya haɗa kowa da rabonsa, ya tashi ya shige ɗaki. Zoɓon ma ban kai ba.

Da na bi shi ina kuka, abin da ya ce ke nan.

“Ba zan ba shi ba, Suwaiba. Kada ki tambaye ni dalili, kada ki sake kawo mini sunansa gidan nan.”

Na ɗauka talaucinsa ne. Na ɗauka don ɗan gudun hijira ne, kuma na ji haushin Baba sosai a kan haka, na rubuta muku ma a lokacin, wasunku suka ba ni haƙuri, wasu suka ce in bi iyaye. Dada ta yi ta jera mini 'ya'yan ƙawayenta, wannan yana banki, wancan ya dawo daga karatu a waje. Modu bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Kullum sai ya turo saƙo da safe yana tambayar ko na karya, kamar ba a kore shi daga falonmu ba.

Ranar Alhamis ta makon jiya ina ajin 'yan aji uku waya ta yi motsi a jaka. Da aka tashi tara na duba.

Modu: Jikin Ya Kellumi ya tashi. Tana son ganinki. Yau in zai yiwu.

Ni: Subhanallahi. Amma ai ba ta san ni ba.

Modu: Ta san ki. Ki zo don Allah. Akwai maganar da ba ta waya ba ce.

Na ce wa Dada akwai taron malamai bayan tashi, ƙarya ta farko da na yi mata a kan Modu. Doguwar riga baƙa ce a jikina da hijabi ruwan hanta, da takalmin makaranta mara tsini. Keke napep biyu na hau, na ƙarshen ya yi ta tsalle da ni a ramuka har muka fita daga gari, gidaje suka fara nisa da juna. Ban taɓa zuwa Malkohi ba, ina dai jin sunan tun ina sakandare. Mutanen da aka sauke a can shekara goma da suka wuce da yawansu ba su koma ba, sun yi ɗakunan laka da kwano a gefen inda sansanin yake, sun shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki. Modu yana jirana a bakin hanya. Bai yi mini murmushin da ya saba ba.

Ɗaki ɗaya ne da rumfa. A ƙarƙashin rumfar kwalabe ne jere da itacen turare a kan buhu yana shan iska. A ciki wata tsohuwa na kishingiɗe a kan katifa, lulluɓe da lafaya mai ruwan lemo da ta koɗe, ƙafafunta sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Na yi sallama na durƙusa. Ta ɗago kai, sai na ga fuskar Baba. Goshin Baba ne, hancin Baba ne, har yadda take ɗan karkata kai in za ta kalli mutum. Kuma ba ranar na fara ganin fuskar ba.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu lokacin da garuruwan arewa suka faɗi mutane suka kwararo Yola, wasu a bayan tifa, wasu da ƙafa. Duk wanda ya zauna garin nan a lokacin ya san babu gidan da bai sauki baƙi ba. Baba ya sauki mutum ashirin da bakwai, duk 'yan ƙaramar hukumarmu, ba mu san ko ɗaya daga cikinsu ba. Gareji ya cika, falo ya cika, ni da Dada muna dafa shinkafa a tukunyar biki. Manyan garin suka riƙa zuwa suna yi masa godiya, suna cewa ɗa na gari ke nan. Wata rana da tsakar rana aka buga get, na je na buɗe. Wata mata ce ƙafarta duk faso da jini, da wani saurayi dogo a bayanta riƙe da ƙunshin kaya. Baba ya fito. Ta yi masa magana da wani yare, doguwar magana, tana kuka tana miƙa masa hannu. Baba ya waiwaya ya ga baƙinmu zaune a inuwar gareji suna kallo. Ya ɗaga murya ya ce da Hausa, baiwar Allah ki yi haƙuri, gida ya cika. Ya sa aka ɗebo rabin buhun shinkafa, ya ce in ɗauko tabarma, ya tsayar da keke ya ce a kai su Malkohi. Ni na miƙa mata tabarmar da hannuna. Ta riƙe wuyan hannuna tana kallona har sai da mai keke ya yi hon.

Yanzu ga ta a gabana, ta sake riƙe hannun nan. Hausarta ba ta da yawa, Modu ne ke cike mata. Ta ce ita yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Ta ce an kashe mijinta a ƙofar masallaci, manyan 'ya'yanta biyu har yau babu labari, ta yi tafiyar kwana shida don ta san tana da ƙane a Yola mai babban gida. Babu zagi a maganarta, da ma ta zage shi da na fi samun sauƙi. Likita ya ce zuciyarta ce, ruwa yana taruwa, kuma ita ta san ba za ta ga wata damina ba.

“Ni ba na son gidansa,” ta ce da bakinta. “Ba na son shinkafansa. Ya zo nan ya zauna, ya ce mini Ya Kellumi sau ɗaya, in ji da kunnena. Shi ke nan.”

Na ce mata Goggo, don ban san me ake ce wa yayar uba da yarensu ba, da yarenmu ke nan, sai ta yi dariya tana hawaye tana shafa mini fuska.

A waje na tsare Modu. Na tambaye shi tun yaushe ya sani, ya ce tun kafin ya san sunana. Shi ne saurayin da ke bayan matar a bakin get. Ya ce duk shekarun nan in ya shigo gari yakan bi ta layinmu ya leƙa, don mahaifiyarsa takan tambaye shi ya 'ya'yan Mustafa suke, sun girma, wa suka yi kama da shi. Ranar da na shiga shagonsa ya gane ni tun daga nesa. Na ce to son da yake faɗa fa, ko hanya ce ya nema ta shiga gidanmu. Ya rantse da Allah cewa da farko gaisuwa kawai yake son kai wa uwarsa, sauran ya zo masa ne bai shirya ba. Na so in yarda. Har yanzu ina so in yarda. Amma wata tara mutum yana kallon idona yana sanin jininmu ɗaya bai faɗa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na gaya masa haka kafin in hau keke.

Dada na tarar a kicin tana tsinke zogale. Ban ɓoye mata ba, na ce daga Malkohi nake, na ga Goggo Kellumi. Tiren ya kusa suɓuce mata. Ta tashi ta tura ƙofar kicin ta sa sakata. Dada Bafulatanar Yola ce, 'yar unguwar Ajiya, Hausarta kai take ce wa kowa.

“Kai Suwaiba, ka kashe mu. Wa ya aike ka?”

Da ta ga ba zan bari ba sai ta zauna a kan turmi ta ba ni labarin. Zarmari tafiyar awa ɗaya ce da ƙafa zuwa iyakar Adamawa, sakandaren da ta fi kusa da su a ɓangaren nan take, can Baba ya yi karatu. Da aka buɗe sabuwar jiha ana ɗaukar ma'aikata, aka ce 'yan asalin jiha kawai. Baba yana da takardu masu kyau, ba shi da kowa. Mista Zadok, wanda har yau yake zuwa gidanmu cin naman Sallah, shi ne akawun da ke karɓar fom a lokacin. Shi ya ce masa ya rubuta garin da ya yi makaranta, ai kowa haka yake yi, wani mai unguwa a can ya sa masa hannu. Layi ɗaya ne a cikin fayil. Da farko Baba yana zuwa gida duk shekara a ɓoye. Sai aka rubuta takardar ƙorafi a kan wani abokin aikinsa a kan irin wannan, aka kore shi bayan shekara ashirin, ba fansho ba sallama, mutumin ya ƙare yana sayar da katin waya a bakin titi. Tun daga ranar Baba ya daina zuwa. Ya daina yaren, ko a waya. Mahaifiyarsu ta rasu bai je ba, ya kulle kansa a ɗaki kwana uku ya ce wa ofis zazzaɓi ne.

Na tambaye ta ita ta yarda da wannan. Ta ce ita mace ce da aka aura ta tarar da abu, kuma wannan layin ne ya ciyar da ni ya kai ni jami'a. Ta ce in aka yi aurena da Modu dangin ango za su cika gidan nan suna yaren, tsofaffin Zarmari za su gane shi, kafin a watse labari ya kai sakatariya. Akwai mutum huɗu 'yan ƙaramar hukumar da ke son kujerar nan, kowannensu neman abin kamawa yake. Ta roƙe ni in yi haƙuri shekara biyu. In ya yi ritaya lafiya, da kanta za ta ja shi zuwa Malkohi. Na ce mata Goggo ba ta da shekara biyu. Dada ta ci gaba da tsinke zogalenta.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Ina kai wa Baba shayi, ina ɗauko masa takalmi, ina kallon goshinsa. Wani lokaci in ji na tsane shi, wani lokaci in ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yadda yake lissafa ƙwayoyin hawan jininsa a tafin hannu, sai tausayi ya kama ni har in rasa inda zan sa kaina. Na yi ta rubuta takarda ina yagawa.

Ranar Laraba sunayen waɗanda za a naɗa manyan sakatarori suka fito. Mista Zadok ne ya kawo labarin da kansa, da sandarsa da tsohuwar kwat ɗinsa, tun daga get yake kiran famanan sakatare. Sunan Baba na uku a jeri. Maƙwabta suka cika falo, Dada ta sa leshinta mai ruwan zuma ta raba lemo da cincin. Baba yana zaune cikin babbar riga yana amsa barka, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa sabon takalmi, ban taɓa ganinsa haka ba. Na ji Mista Zadok ya sunkuya yana gaya masa cewa kwamitin tantancewa ya ba da zuwa Litinin ƙarfe sha biyu ga duk mai ƙorafi a kan wani suna, in an wuce nan sai rantsarwa. Ya ce a yi ta addu'a kwana biyar ɗin nan su wuce lafiya.

Yau Asabar. Da hantsi ina wanki saƙon Modu ya shigo. Hoto ne, farar ambulan a kan teburin shagonsa, an rubuta adireshin kwamitin da babban baƙi. Hoto na biyu takardar ƙorafi ce a kan Baba, mai shafi ɗaya, da kwafin shaidar gama firamaren Baba ta Zarmari, wadda Goggo ta fito da ita daga gida a ƙunshe cikin zani tare da hoton iyayensu.

Modu: Jiya ta suma sau biyu. Sunansa take kira.

Modu: Ki gaya masa ya zo kafin Litinin sha biyu. In ya zo zan ƙona wannan a gabansa. In bai zo ba da hannuna zan kai.

Ni: Modu, Babana ne. Za su kore shi ba komai.

Modu: Uwata ce. Shekara goma ina kallonta tana jira.

Na kira shi sau shida bai ɗauka ba. Na zauna a kan bokiti hannuna duk kumfa na yi kuka mai isata. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da Dada ce kwance tana kiran ɗan'uwanta, ban san iyakar abin da zan yi ba.

Bayan la'asar na sa hijabi na shiga ɗakin Baba ba tare da takarda ba. Yana kan darduma da carbi, sabuwar shaddar da tela ya kawo ta ranar rantsarwa tana rataye a jikin ƙofar sif cikin ledarta. Na durƙusa na ce na je Malkohi, na ga yayarsa, na san komai. Na miƙa masa wayar. Ya ɗauko tabarau ya sa, ya karanta saƙonnin, ya buɗe hotunan ya ƙara musu girma da yatsa, ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa yadda yake karanta fayil. Na zuba ido in ga ko zai tambayi jikinta. Na ga leɓensa ya motsa, na ga idonsa ya cika, na ce a raina yau dai Allah ya kawo ƙarshen abin. Sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

“Yaron bai sa hannu ba tukuna,” ya ce.

Na ce Baba tana mutuwa, kalma ɗaya take so. Keke ne, rabin awa, babu wanda zai gan shi. Ya ce a Malkohi babu abin da ake yi ba a gani ba, rabin mutanen can 'yan Zarmari ne, in ya shiga ɗakin nan yau, gobe da safe magana tana hannun masu neman kujerar. Ya ce ba kujerar ce kaɗai ba, shekara talatin da uku ce, da gidan nan, da tsufan Dada. Ya ci gaba da jan carbi. Da ya sake magana muryarsa ta koma ta ofis.

“Kina son yaron nan har yanzu?”

Na sunkuyar da kai. Ya ɗauki hakan a matsayin amsa.

“To ki gaya masa na ba shi. Juma'a mai zuwa a ɗaura, a masallacin su Dadarki a Ajiya, kawunki ya yi walicci. Ba taro, ba 'yan rakiya daga can. Sadaki abin da ya sawwaƙa. Shi kuma ya kawo mini takardar nan da shaidar firamaren, ta asalin, gobe. Ita kuma, in an ɗaura ta zama uwar mijinki. Zan aika mata gaisuwa kamar yadda ake aika wa surukai, babu mai cewa komai.”

Na ce ba gaisuwar suruka take nema ba. Ya ce abin da zai iya ke nan, in je in rubuta masa. Ya miƙo mini wayar, ya juya ya fuskanci gabas.

Wata biyu ina kuka ina roƙon Allah ya juyo da zuciyar Baba ya ba ni Modu. Yau ya ba ni shi, kuma ban taɓa jin na wulaƙanta irin na yau ba. Na dawo ɗakina na zauna a bakin gado, na rubuta saƙon yadda Baba ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, har da ranar da masallacin da shaidar firamaren. Na daɗe ina kallonsa kafin in tura. In Modu ya ce a'a, ranar Litinin Babana ya zama korarre, kuma da hannun wanda nake so. In ya ce to, ya karɓe ni ke nan ya bar uwarsa ta mutu tana kallon ƙofa, ni kuma zan kwana in tashi har ƙarshen rayuwata da mutumin da ya iya yin haka.

Na tura ƙarfe biyar da minti goma. Ya buɗe nan take. Tun ɗazu wayar ke nuna mini yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Ina zaune riƙe da ita, kuma wallahi na kama kaina ina addu'ar kada ya ce to.